SHAIDAR DA JINI KE BAYARWA BAYAN HATSARIN RADIYESHON

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Kwamitin shirya taro ya ba ni minti talatin, ya ce in yi magana a kan wani abu daga fannin da na karanta wanda zai amfani jama'a. Na zaɓi tambaya guda ɗaya tak. Idan mutum ya kusanci wani abu mai fitar da radiyeshon, ba ya ɗauke da na'urar awo, shi kansa ma bai san abin da ya taɓa ba, ta yaya likita zai san yawan abin da jikinsa ya sha? Amsar tana cikin jinin mutumin, kuma yadda ake karanta ta shi ne abin da nake so in bayyana muku yau.

Da farko mu daidaita kalma. 'Yan jarida kan ce "tururin nukiliya", to amma kalmar tururi tana iya ɓatar da mai sauraro, domin tururi ana ganinsa, ana jin ɗuminsa, ana iya kauce masa. Radiyeshon ɗin da nake nufi wani irin haske ne da ido ba ya gani, ba shi da wari, ba shi da ƙara, yana kuma ratsa jikin mutum kamar yadda hasken rana ke ratsa gilashin taga. Da shi ake ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, da shi ake ƙone ciwon daji, da shi ake duba ingancin walda a bututun mai. Abu ne mai amfani matuƙar yana cikin akwatinsa na dalma, a hannun wanda ya san shi.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru ranar da ya fita daga akwatin. A birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wani asibitin masu ciwon daji ya tashi ya koma sabon gini a 1985, ya bar wata tsohuwar na'urar ƙone ciwon daji a cikin kangon. Ranar 13 ga Satumba, 1987, wato kafin a haifi yawancin 'yan ajinmu, wasu matasa biyu masu neman ƙarafa suka shiga kangon, suka kwance kan na'urar, suka ɗora a baro suka kai gida. A ranar suka fara amai, suka ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki. Suka ci gaba da dukan abin har suka huda wani ɗan ƙaramin gwangwani da ke tsakiyarsa. A cikinsa akwai gari mai kama da gishiri, giram 93, na wani sinadari da ake kira sisiyom-137. Bayan kwana biyar suka sayar wa wani ɗan gwangwan. Da dare ya yi, mutumin ya ga abin yana fitar da wani shuɗin haske mai ban sha'awa a cikin duhu, sai ya shigar da shi ɗakinsa, ya kira 'yan uwa da abokai su zo kallo, ya riƙa tsakura musu. Wasu suka shafa a jiki kamar kwalliya. Wata yarinya 'yar shekara 6, 'yar ɗan uwansa, ta yi wasa da garin a ƙasa, ta ci abinci da hannun.

Mutane suka yi ta kwanciya, likitoci suna ta laluben cutar a cikin cututtukan da suka saba gani. Matar ɗan gwangwan ɗin ce ta lura cewa tun da wannan abu ya shigo gidan lafiya ta ƙaurace musu. Ranar 28 ga Satumba ta sa aka zuba shi a jaka, ta shiga motar haya ta kai shi ofishin kiwon lafiya na birnin, ta ajiye a kan tebur ta ce wannan ne ke kashe mata iyali. Washegari aka sami wani masanin kimiyya da ya zo gari ziyara, ya aro na'urar awo ya nufi ofishin. Tun yana nesa allurar na'urar ta buga ƙarshe, har ya ɗauka ta lalace ne, ya koma ya musanyo wata. Ita ma haka ta yi. Kwana 16 ke nan abin yana yawo a cikin jama'a.

Gwamnati ta buɗe filin wasan ƙwallo na birnin, aka auna mutane kimanin 112,000 ɗaya bayan ɗaya, aka sami 249 da garin ya taɓa jikinsu ko tufafinsu. To a nan ne tambayarmu ta taso. Na'urar da ake gogawa a jikin mutum tana yin ƙara ne idan akwai garin a jikinsa a wannan lokaci. Ba ta san abin da ya wuce ba. Wanda ya kwana uku a ɗaki ɗaya da gwangwanin, bai taɓa shi da hannu ba, na'urar za ta yi shiru a kansa, alhali hasken ya riga ya ratsa shi ya yi ɓarnarsa ya wuce. Mutumin da ya wuni a rana ba ya shigowa gida da rana a aljihu, amma fatarsa ta san inda ya wuni. Haka kuma wani na iya zuwa da ɗan garin a takalminsa, na'urar ta cika fili da kuka, alhali jikinsa bai sha wani abin kirki ba.

Me ya sa likita ya damu da sanin adadin? Ma'aunin abin da jiki ya sha ana kiransa gire, daga sunan wani masanin Ingila, Louis Harold Gray. Wanda dukkan jikinsa ya sha ƙasa da gire 1 ba ya bukatar gadon asibiti, sai dai a riƙa bibiyarsa. Daga gire 2 zuwa sama ɓargon ƙashi, inda ake ƙera jini, ya fara gazawa. A wajen gire 4, idan babu magani, kusan rabin waɗanda abin ya shafa za su rasu cikin wata biyu. Abin da ya fi rikitarwa shi ne cutar tana da yaudara. Bayan aman kwanakin farko, majinyaci yakan miƙe ya ji garau har mako biyu ko uku, ya nemi a sallame shi, sannan jininsa ya rushe gaba ɗaya, ƙaramin ƙwayar cuta ta kayar da shi, ko jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Idan likita ya san adadin tun da wuri, zai keɓe shi a ɗaki mai tsabta, ya tanadi jinin da za a ƙara masa, ya fara ba shi maganin da ke zaburar da ɓargo tun kafin rushewar ta zo. Gadaje irin waɗannan kaɗan ne a kowace ƙasa, saboda haka dole a san wa za a ba. Lokacin da amai ya fara, da yadda fararen ƙwayoyin jini ke raguwa a kwana biyun farko, suna ba da haske, amma tsoro ma yana sa amai. A Goyaniya mutane da yawa da babu abin da ya taɓa su sun yi amai a kan layi saboda fargaba kawai.

Yanzu sai mu koma ajin bayoloji, kuma ina roƙon malamanmu su yi mini gyara idan na kauce. Kun tuna ranar da aka ba mu ɓawon albasa muka sa a ƙarƙashin madubin likita, muka ga ƙananan ɗakuna jere, kowane da ɗigo a tsakiyarsa. Jikinmu ma haka yake, an gina shi da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin ɗigon nan na tsakiya akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, waɗanda ke ɗauke da dukkan bayanin gadon mutum. Ɗan Adam yana da 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Wani abin mamaki, sai a 1956 ne masana biyu, Tjio da Levan, suka tabbatar da wannan adadi a ƙasar Suwidin. Kafin nan littattafai 48 suke rubutawa. Idan ƙwayar halitta za ta rabu gida biyu, zaruruwan sukan naɗe su yi kauri har a iya ganinsu, kuma kowane yana da wuri guda da ya tsuke, kamar mutum ya ɗaure ƙugu da ɗamara. A wannan ƙugu ne ake kama shi a ja shi zuwa sabuwar ƙwaya. Ku riƙe wannan: lafiyayyen kuromosom ƙugu ɗaya gare shi.

Idan radiyeshon ya ratsa ƙwayar, yakan tsinka zaren. Jiki yana da masu gyara, kuma cikin 'yan sa'o'i sukan ƙulla yawancin abin da ya tsinke daidai yadda yake. Amma idan zare biyu suka tsinke kusa da juna a lokaci guda, masu gyaran kan yi kuskure irin na telan da ke aiki cikin duhu: su haɗa gaban wannan da gaban wancan. Sai a sami kuromosom guda mai ƙugu biyu, ga kuma guntun wutsiyoyin nan biyu sun haɗu sun zama wani yanki marar ƙugu yana yawo a gefe. Wannan mai ƙugu biyu shi ne shaidarmu. Darajarsa ita ce kusan babu abin da ke haifar da shi sai radiyeshon, in ban da wasu 'yan magungunan ciwon daji. A jinin mutumin da bai gamu da hatsari ba, sai an duba ƙwayoyi kusan 1,000 kafin a ga guda ɗaya. Kuma yawansa yana ƙaruwa ne bisa tsari, gwargwadon abin da jiki ya sha. Masana biyu a Amurka, Michael Bender da Carolyn Gooch, su suka fara cewa a iya ƙirga shi a gane adadin, kuma suka gwada a kan ma'aikata uku da hatsari ya rutsa da su a masana'antar nukiliya ta Hanford a 1962.

Ba kowace ƙwayar jini ke da amfani a nan ba. Jajayen ƙwayoyi, waɗanda suka fi yawa, ba su da ɗigon tsakiya, saboda haka ba su da kuromosom ko ɗaya. Ana neman wani jinsi ne na fararen ƙwayoyi mai suna limfosayit. Waɗannan suna da halaye biyu masu kyau: suna zaga ko'ina a jiki, daga kai har ƙafa, kuma sukan daɗe ba su rabu ba, wasu har shekaru. Wato duk raunin da suka ji yana nan a ajiye, kamar wasiƙar da ba a buɗe ba.

Matsalar ita ce ba a ganin kuromosom sai ƙwaya tana shirin rabuwa, su kuwa waɗannan barci suke yi. Wanda ya samo makullin shi ne Peter Nowell, a Amurka, a 1960, kuma ba shi yake nema ba. Yana amfani ne da wani sinadari da ake tatsa daga jan wake don ya dunƙule jajayen ƙwayoyi ya ware su gefe, sai ya lura cewa fararen da suka rage sun farka suna rabuwa. Har yau da wannan ruwan wake ake aikin.

Ga yadda ake yi. A ɗebi jini daga jijiyar hannu, kamar cokalin shayi ɗaya ko biyu, a zuba a kwalbar da ke hana shi daskarewa. Ba a sa shi a ƙanƙara, ba a barinsa a rana, kuma idan za a kai shi wata ƙasa ta jirgin sama sai a rubuta a jikin kwalin kada a wuce da shi ta na'urar binciken kaya, don ita ma radiyeshon take fitarwa. A ɗakin gwaji a zuba shi cikin ruwan abinci, a ɗiga ruwan waken, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, digiri 37, har sa'a 48. Wannan sa'a 48 ba ta da gajeriyar hanya. Ko shugaban ƙasa ne ke jira sai ta cika, domin lokacin da ƙwayoyin ke bukata ke nan su kai ga rabuwar farko. Kuma ba a so su wuce ta farkon, saboda mai ƙugu biyu yakan ɓace a wajen rabuwa. Ana saura sa'a biyu ko uku sai a ƙara wani magani da ke tsayar da su cak a daidai lokacin da zaruruwan suka fi fitowa. Daga nan a jiƙa su a ruwa mai ƙarancin gishiri su kumbura, a ɗiga su a kan gilashi su fashe, zaruruwan su baje, a rina su. Rinin da ake amfani da shi, mai suna Giemsa, shi ne dai wanda ma'aikatan ɗakin gwajin asibitocinmu ke rina jini da shi kullum idan suna neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Na san akwai irin waɗannan ma'aikata a cikin zauren nan, kuma sun riga sun san rabin aikin.

Sauran rabin kuwa haƙuri ne. Mutum ya zauna gaban madubin likita, ya nemo ƙwayar da zaruruwanta suka baje da kyau, ya ƙirga ƙugu ya tabbatar 46 ne cif, sannan ya duba ko akwai zare mai ƙugu biyu, ya kuma nemo guntunsa marar ƙugu, don kada zare biyu da suka hau kan juna su ruɗe shi. Ya rubuta, ya wuce ta gaba. Haka zai yi har ƙwaya 500, ko ma 1,000 idan ana zaton adadin kaɗan ne. Ƙwaya 500 takan ci wa ƙwararre kwana biyu ko uku. A yanzu akwai kwamfutar da ke nemo ƙwayoyin ta ɗauki hotonsu, har ta yi ƙirgar farko, amma idon mutum ne ke tabbatarwa. Idan kuma mutane sun yi yawa, kamar a babban hatsari, akan duba ƙwaya 50 kawai ga kowa a zagayen farko, wanda ya isa a raba masu bukatar gado da masu komawa gida.

To an sami adadi, yaya za a mai da shi gire? Nan ne maganar mudu ta shigo. Tun kafin wani hatsari ya faru, ɗakin gwajin zai karɓi jinin masu lafiya, ya raba a kwalabe, ya haska wa kowace kwalba sanannen adadi: wannan rubu'in gire, wannan rabi, wannan 1, wannan 2, har zuwa 5. Ya ƙirga dubban ƙwayoyi a kowace, ya zana jadawali. Alal misali, da irin hasken da kobalt-60 ke fitarwa, gire 1 yakan ba da mai ƙugu biyu kimanin 8 a ƙwaya 100, gire 2 kimanin 28, gire 4 kuwa kusan guda a kowace ƙwaya. Saboda haka idan an duba ƙwaya 500 ta majinyaci aka sami 40, sai a ce ya sha wajen gire 1, a kuma faɗi iyakar sama da ta ƙasa da lissafin zai iya kaiwa. Kun lura cewa da aka ninka adadin sau biyu, raunin ya ninka fiye da sau uku. Dalili shi ne ana bukatar tsinkewa biyu a kusa da juna, kuma idan hasken ya yi yawa damar haɗuwarsu tana ƙaruwa da sauri. Kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata, haka idon masu ƙirga da hanyar aikinsu suka bambanta, shi ya sa ƙa'ida ita ce kowane ɗakin gwaji ya yi nasa jadawalin, kada ya ari na maƙwabci. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kan wannan aiki a 1986, ta sabunta shi a 2001 da 2011.

Akwai wani ɓangare da ni a ganina ya fi komai ban sha'awa. Ba jimilla kaɗai ake dubawa ba, har da yadda raunin ya rabu a tsakanin ƙwayoyin. Ku ɗauka an watsa goro a taron ɗaurin aure. Idan an watsa ko'ina daidai, za ka ga yawanci wasu sun sami ɗaya, wasu ba su samu ba, ƙalilan sun sami biyu. Amma idan ka tarar kusan kowa hannunsa wayam, ga wasu 'yan tsiraru da biyar-biyar ko shida-shida, ka san kusurwa ɗaya aka watsa wa. Haka jini yake. Idan yawancin ƙwayoyi lafiya lau, amma kaɗan daga ciki sun yi kaca-kaca, to wani sashe ne na jiki ya sha hasken, kuma da lissafi ana iya kimanta girman sashen da abin da ya sha. A ƙasar Peru a 1999 wani mai walda ya tsinci ɗan ƙarfen iridiyom-192 da ya faɗo daga na'urar duba bututu, ya sa a aljihun wandonsa na baya na tsawon sa'o'i. A irin wannan hali matsakaicin adadin dukkan jiki yana iya zama kaɗan, alhali cinyar ta ƙone har ƙashi. Daga baya sai da aka yanke masa ƙafar. Maganin wanda ɓargonsa duka ya taɓu daban ne da na wanda wani sashen ɓargonsa ya tsira zai iya farfaɗowa da kansa.

Mu koma Goyaniya. An riƙa aika jinin mutanen zuwa cibiyar kariya daga radiyeshon da ke birnin Riyo, aka duba na mutum fiye da 100. An sami 21 da suka haura gire 1, takwas daga ciki sun haura gire 4, babu wanda ya wuce 7. Mutum huɗu suka rasu a ƙarshen Oktoba: matar nan da ta kai jakar, da kimanin gire 5.7, yarinyar da kimanin 6, da samari biyu ma'aikatan wurin gwangwan ɗin. Shi kuwa maigidan, wanda ya sha wajen gire 7, fiye da kowa, ya rayu a lokacin. Bayanin da masana suka bayar shi ne yana fita yana dawowa, jikinsa yana samun sararin gyara tsakanin sha da sha, ita kuwa matar tana gida tare da abin dare da rana. Wannan ma sai da masu ƙirga suka sa a lissafi, domin hasken da aka sha a hankali cikin kwanaki yana barin mai ƙugu biyu kaɗan fiye da wanda aka sha a minti ɗaya.

Kada mu manta da sauran da aka duba aka ce musu abin da suka sha kaɗan ne. A lokacin an ƙyamaci mutanen birnin, wasu otal-otal a wasu jihohi sun ƙi karɓarsu, an ƙi sayen kayan gonarsu, har jifa aka yi a wajen jana'izar yarinyar don kada a binne ta a maƙabartar gari. A irin wannan yanayi, takardar da ke gaya wa mutum gaskiyar abin da ke jikinsa ita ma magani ce. Haka kuma a wuraren aiki: sau da yawa ɗan bajon awo da ma'aikacin ɗakin hoto ke maƙalawa a riga yakan nuna adadi mai tayar da hankali, a duba jini a ga babu komai, sai bincike ya nuna rigar ce aka manta a rataye a ɗakin na'ura.

Hanyar tana da iyaka, kuma ya kamata in faɗe ta don kada gobe wani ya je asibiti ya ce a duba masa jini saboda an yi masa hoton ƙirji. Mafi ƙanƙantar abin da take iya ganowa shi ne wajen kashi ɗaya cikin goma na gire. Wannan ya kai hoton ƙirji kusan 1,000, ko abin da kowannenmu ke sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama cikin shekara 40. Wayar hannu da dogayen ƙarafan sabis kuwa, irin hasken da suke fitarwa ba shi da ƙarfin tsinka zaren, don haka ba sa cikin wannan magana. Ta sama ma akwai iyaka: idan an wuce gire 5 da yawa, ƙwayoyin sukan mutu kafin su kai ga rabuwa. Da aka yi hatsarin Tokaimura a Japan ranar 30 ga Satumba, 1999, inda ma'aikata uku suka sha adadi mai yawa, biyu suka rasu daga baya, sai da aka yi amfani da wata dabara ta tilasta wa zaruruwan naɗewa da magani ba tare da jiran rabuwa ba.

Iyaka ta uku ita ce lokaci. Zare mai ƙugu biyu kamar akuya ce da aka ɗaura wa igiya biyu, mutum biyu suna ja ta fuska daban-daban. Idan ƙwayar ta zo rabuwa, sau da yawa takan mutu. Saboda haka shaidar tana dusashewa, kuma an fi so a ɗebi jinin cikin makonni huɗun farko. Ga wanda abin ya daɗe, akwai wani rauni na daban: zare biyu su yi musayar wutsiya, kowane ya tashi da ƙugu ɗaya. Irin wannan yana wucewa daga ƙwaya zuwa 'ya'yanta har tsawon rai, sai dai da rinin Giemsa da wuya a gane shi, tunda kowane zare kamar lafiyayye yake. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka sami hanyar rina kowane kuromosom da launinsa mai ƙyalli, sai ka ga jan zare da koriyar wutsiya. Da irin wannan rauni aka auna waɗanda suka tsira daga bom ɗin Hiroshima da Nagasaki bayan shekaru masu yawa, da ma'aikatan da suka share Canobil bayan hatsarin 1986. Sai dai shi yana ƙaruwa da shekaru ko babu hatsari, don haka dole a cire rabon tsufa kafin a yanke hukunci.

Jama'a, wani zai ce Barazil da Japan sun yi nisa. To, a Maroko a 1984 wani lebura ya tsinci irin wannan ƙarfe ya kai gida, mutum takwas suka rasu. A Masar a 2000 wani manomi da ɗansa suka rasu ta wannan hanya. A Tailan a 2000 da Indiya a 2010 kuwa a kasuwar gwangwan abin ya faru, kamar Goyaniya. Mu ma a nan Nijeriya muna da asibitocin da ke ƙone ciwon daji, muna da kamfanonin mai da ke zura irin waɗannan ƙarafa cikin rijiya da masu duba waldar bututu, muna da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa da ta fara aiki a 2001. Muna kuma da dubban 'yan uwanmu da ke cin abinci daga sana'ar gwangwan da jari-bola, waɗanda duk ƙarfen da ya ɓace a ƙarshe hannunsu yake faɗawa. Ra'ayina shi ne duk ƙasar da ke da waɗannan abubuwa tana bukatar ɗakin gwaji aƙalla guda da ke da jadawalinsa a shirye da masu ƙirga da hannunsu bai yi sanyi ba, domin jadawalin yana cin watanni, ba a fara shi ranar hatsari. Kayan aikin ba su fi ƙarfin babban asibitin koyarwa ba.

Ga waɗanda ke da dangi a wannan sana'a, ku gaya musu alamar: fuka-fuki uku baƙaƙe ko ja-ja a kan rawaya, kamar farfelar fanka. Saboda mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin fanka ɗin, a 2007 aka ƙara wata alama, jan alwatika mai ƙoƙon kai da hoton mutum yana gudu. Ƙarfen da ya yi nauyi fiye da girmansa, mai irin wannan alama, kada a fasa shi, kada a kai shi gida. A matsa nesa, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma. Ga likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu kuma, idan mutane da yawa daga gida ɗaya ko wurin aiki ɗaya suka zo da amai, da ƙuna a hannu ba tare da sun taɓa wuta ba, ku tambayi sana'arsu. Ku rubuta wa ya kusanci abin, tazarar taku nawa, na tsawon wane lokaci, da ƙarfe nawa aman ya fara. Ku ɗebi jini don ƙirgar fararen ƙwayoyi nan take, ku maimaita bayan kowace sa'a shida, sannan bayan kwana ɗaya ku ɗebi na kuromosom a kwalba mai hefarin, ku rubuta rana da lokaci a jikinta. Mai ƙirga a ɗakin gwaji yana bukatar wannan takarda kamar yadda yake bukatar jinin.

Mai girma Shugaba, na ga mai kula da lokaci ya ɗaga mini hannu.